Alice Springs, Garin Ƙadangare Mai Gemu

Wannan makon mun nufi tsakiyar Ostareliya, yankin garin Alice Springs mai jar ƙasa, inda zafin Janairu kan haura digiri 35. Nan ne gidan ƙadangare mai gemu, wanda kan kumbura maƙogwaro ya baƙanta shi idan ya tsorata. Yana gyaɗa kai kamar namu na jikin katanga, sai dai tsawonsa kan kai santimita 60.

Ostareliya ta hana fitar da shi, don haka waɗanda ake kiwo a Amurka da Turai can aka ƙyanƙyashe su. Mai kiwonsa dole ya kawo masa ranar hamada cikin ɗaki: fitilar zafi da ta hasken UVB, in ba haka ba ƙasusuwansa su yi laushi. Ƙarami gyare da fara yake so, babba ya fi cin ganye.

Saɓarsa ba irin ta maciji ba ce, guntu-guntu take fita. Mu masu ƙaiƙayin hannu, kada mu ja ta, sabuwar fatar na iya yagewa. Abin dubawa shi ne yatsu da bakin wutsiya, inda tsohuwar fata kan ɗaure har jini ya daina zuwa.