Ziyarar Kangon Alƙalawa

Wani tsoho mutumin Isa yana da jika guda wanda ya iya karatu da rubutu. Ran nan da rani ya ce masa, "Ɗauko takarda da alƙalami, mu tafi ka ga inda kakanninka suka zauna tun ƙafata tana iya kai ni."

Suka kwana Sabon Birni, da asuba suka kama hanya. Hantsi ya yi suka isa Alƙalawa, kusa da Gulbin Rima. Yaron yana tsammanin zai ga soraye da ƙofofi. Ko da ya duba, sai gonaki da tuddan ƙasa, da tsingaro barkatai. Ya ce, "Kaka, ina birnin?"

Tsohon ya nuna wani dogon tudu da sandarsa, ya ce ganuwa ke nan. Sa'an nan ya zauna ya ba shi labari. Sarkin Gobir Babari shi ya kafa birnin a ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun rinjayi Zamfarawa. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, garuruwa suna kawo masa gaisuwa. Nan kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa zuwa wurin sarakuna kafin a ɓata. A 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka watse. Daga baya waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, waɗansu kuma suka kafa Sabon Birni. Yaron yana ta rubutawa.

Da rana ta take, wani manomi ya kira su inuwa. Ya aika gida aka kawo fura da nono cikin ƙwarya, an sa mata citta da kanumfari, ga hoce a faifai. Da maraice aka yi musu tuwon gero da miyar kuka, an zuba busasshen kifin gulbi. Tsohon ya suɗe hannu, ya ce, "Rubuta wannan ma. Abin da Bawa ya sha ke nan, shi talakansa suka sha. Ganuwa ta zube, amma ana nan ana shuka gero a cikinta."

Ba su sake komawa ba. A 2020 da 2021 ɓarayin daji suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, suka kashe mutane, ƙauyuka da dama suka tashi, tafiya ta zama sai dole. Cikin wannan hali tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage wa jikan sai 'yan takardun nan, su yake karanta wa ƙannensa da dare.

To, jama'a, wanda Allah ya ba ilmin rubutu, amana aka ba shi. Kowane gari yana da kangonsa, yana kuwa da tsohon da ya san labarinsa. Kada a ce sai gobe. A je a gaishe shi yau, a tafi da takarda. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.