Maƙale Da Ɓawon Ƙaguwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A Dosara na tashi, kusa da madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Muna yara mukan kama ƙaguwa a bakin ruwa, kuma duk wadda na taɓa kamawa bayanta sumul yake. Sai da neman abinci ya kai ni Legas na ga wata iri daban wajen masu sayar da kifi a Makoko: ƙaguwar ruwan gishiri, bayanta ɗauke da wasu fararen ƙulle-ƙulle masu tauri. Na sa farce in ɓamɓare ɗaya, ya ƙi. Mai kifin ta yi dariya, ta ce ai mai rai ne.

Daga baya na bi diddigin abin. Turawa suna kiransa banakul, kuma dangin ƙaguwa ne, ko da yake ba su yi kama ba. Ba ya rayuwa a ruwan daɗi irin namu, shi ya sa ba mu da suna gare shi. Masanin nan na Ingila, Darwin, ya shafe shekara 8, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarinsa. Yana ƙarami yakan yi ta iyo a teku, sannan ya zaɓi wuri ya manna kansa da wani danƙo mai ƙarfin gaske, ya gina wa kansa ɗaki, ya riƙa miƙo ƙafafu yana tace abinci daga ruwa. Wanda ya sauka a bayan ƙaguwa ba jininta yake sha ba. Sufuri ya samu kyauta, duk inda ta je an je da shi.

To, amma ƙaguwa ba ta girma sai ta yi saɓa, kamar maciji. Ranar da ɓawon ya yi mata kaɗan, sai ta fice ta bar shi, tare da duk wanda ya maƙale a kai. Shi kuwa ba shi da ikon komawa sabon ɓawo. Nan zai zauna a kan kufai har yashi ya rufe shi.

Da na karanta wannan, wallahi jikina ya yi sanyi, domin labarina ne. Shekara biyar na yi ina yi wa wani maigida hidima a kasuwa. Na watsar da karatuna na Islamiyya, ban koyi sana'ar hannu ba, har jam'in Asuba nakan bari idan ya kira. A raina, arzikina yana aljihunsa. Da Allah ya buɗa masa, ya canza harka, ya canza abokai, wayata ma ta daina shiga. Ban ce ya zalunce ni ba. Girma ya yi, ya yi saɓa. Kuskuren nawa ne: ban ma riƙe mutumin ba, ɓawonsa na riƙe, wato dukiyarsa da sunansa.

Ba ina cewa a guji mutane ba ne. Musulunci bai hana aiki a ƙarƙashin wani ba, kuma riƙo da sababi wajibi ne. Hannu yana iya riƙe sababi, amma zuciya Allah kaɗai ya cancanci a manna ta gare Shi. Suratul Ankabut ta buga misali da gidan gizo-gizo a kan masu jingina da wanin Allah. Ni sai a bayan ƙaguwa na fahimci darasin.

Muna da abin da banakul ba shi da shi: shi sau ɗaya yake zaɓe, mu kuwa ƙofar tuba a buɗe take. Na dawo gida, na kama noman rani, na koma gaban malam da littafina. Ɗan uwa, kai ma tambayi kanka yau: da me ka maƙale, kuma ina za ka kasance ranar da ya yi saɓa?

Allah Ya sa dogaronmu ya kasance gare Shi kaɗai, amin. Wassalamu alaikum.