Majami'ar ƙarfe ta garin Kurun

 Yau zan kai ku nesa, har ƙasar Faransa. Amma a ɗakin karatunmu maganar ta soma.

Shekara uku ke nan da wasu masu taimako suka gina mana ɗakin karatu a garin da nake koyarwa. Suka rufa shi da kwano, muka yi murna. Bara iskar farkon damina ta ɗaga kwano biyu. Na tara ɗalibaina, na ce mu gyara. Wani dattijo ya ce: "Malam, waɗanda suka gina ai su ne za su gyara." Kowa ya yi shiru. Ruwa ya yi ta zuba a kan allo har kaka. Ran nan na tuna da wani hoto da mushe namu ya nuna mana a lakkol ta horon malamai. Hoton wata majami'a ce, wato ɗakin ibadar Kirista. Na ba ɗalibaina labarinta. Ga shi ku ma ku ji.

A arewa maso gabashin Faransa akwai wani yanki, sunansa Loren. Ƙasarsa cike take da tama, irin dutsen da maƙeranmu na da suke narkewa su fid da ƙarfe. Can kusa da iyakar Lukzambur akwai wani ƙaramin gari. Ana rubuta sunansa Crusnes, ana kiransa Kurun. A da, aikin mutanensa shi ne haƙar tama a ƙarƙashin ƙasa. Da yawansu baƙi ne, sun zo cin rani daga Italiya da Polan, suka zauna. Kun san irin wannan zama. Haka ƴaƴanmu suka tafi Arlit da Akokan.

Ramin tamar na wasu attajirai ne, gidan De Wendel. Su ne suka sa aka gina wa ma'aikata majami'ar Katolika, daga 1938 zuwa 1939. Aka sa mata sunan Barbara, wata waliyyiya da masu haƙar ƙasa na Kirista suke girmamawa. Ranar 4 ga Disamba suke yin bikinta kowace shekara. Mai shiga rami da safe ba shi da tabbacin fitowa da marece, shi ya sa yake riƙe addu'a da ƙarfi.

To, abin mamaki shi ne kayan ginin. Ba da tubali aka gina bangonta ba, ba da dutse ba. Ginshiƙai ƙarfe ne. Bango ƙarfe ne. Rufi ma ƙarfe ne. Magina biyu ne suka zana ta a takarda, Claude Robbe da Alphonse Fénaux. Kamfanin wani mutum mai suna Fillod ya ƙera fallayen ƙarfen a masana'anta. Aka kawo su, aka haɗa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda tela yake haɗa ƙyallayen riga. A ciki aka yi zane-zane a bango, aka sa gilasai masu launi a tagogi. Har da tamar ramin aka sassaƙa hotunan da suke nuna labarin Annabi Isa yadda Kirista suke faɗinsa. Ma'aikaci in ya shigo, abin da hannunsa ya haƙo ne yake gani kewaye da shi.

Masu ginin suna da wani nufi kuma, wanda ya shafe mu. Wannan majami'a gwaji ce. Sun so su ƙera irinta da yawa, a loda a jirgin ruwa, a kai ƙasashen da Faransa take mulki a lokacin. Amma a 1939 yaƙin duniya na biyu ya tashi, maganar ta mutu. Da na faɗi haka, wata ɗaliba ta yi dariya, ta ce: "Ɗakin ƙarfe a zafin bazara? Ai sai mutum ya gasu!" Gaskiyarta.

Kowa ya zaci ginin ƙarfe ba ya tsufa. Ashe ƙarfe ma yana da maƙiyi, shi ne tsatsa. Ruwa da iska in sun samu ƙarfe ba fenti, sai su ci shi sannu a hankali. Sa'an nan tamar Loren ba ta da ƙarfe da yawa, wajen kashi 30 cikin 100 ne. Da aka samu tama mai kyau da araha daga wasu ƙasashe, sai ramuka suka yi ta rufewa. Na Kurun ya rufe. A 1977 ƙasar garin ta lotsa, saboda ramukan da aka bari a ƙarƙashinta. A 1997 ramin tama na ƙarshe a Loren duka ya rufe. Masu ibada suka ragu, tsatsa ta samu wuri.

A 1990 gwamnatin Faransa ta sa majami'ar cikin gine-ginen tarihi. Daga baya aka kashe kuɗi masu yawa wajen gyara. Duk da haka riƙonta ya yi wa shugabannin Katolika na yankin nauyi. A 2015 suka sayar da ita.

Yanzu ku dubi masallacin Agadas. Da laka aka gina shi, wajen shekarar 1515. Hasumiyarsa ta kai mita 27. Laka ba ta kai ƙarfe ƙarfi ba, kowa ya sani. Amma itatuwan nan da suka fito a jikin hasumiya matakala ce ta magina. In ruwa ya ci yaɓe, sai a hau a sake. Tun ran gini, tun ran zane: waɗanda suka gina shi sun bar wa jikokinsu hanyar gyara. Kayan gyaran yana ƙarƙashin ƙafarsu, sanin aikin yana hannunsu.

Da na gama, dattijon nan ya daɗe bai ce kome ba. Can ya tambaya: "Ƙusa nawa ake bukata?" Ranar kasuwa kowa ya kawo abin da ya samu. Maƙerin garinmu ya miƙe kwanon, samari suka hau suka kafa, mata suka yaɓe bango. Muka rubuta a littafi cewa kowace shekara, kafin ruwan farko, za mu duba rufin. Ɗalibai da kansu suka rubuta sunayensu.

Kai mai karatu, dubi garinku. Akwai rijiya, ko famfo, ko ɗakin magani da wani ya gina muku ya tafi? Wane ne yake duba shi? Ku yi wannan magana a ajinku, ku rubuto mana abin da kuka yanke. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.