Shaidar da na yi wa zumar marayu

Gidauniyar kayan Sallar marayu tsohuwar al'ada ce a unguwarmu ta Bacirawa, amma kullum da ƙyar take cika. A shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin rani, lokacin da za ka je wa manomi rumbunsa ya fara yin ƙasa, hankalinsa kuma yana kan kuɗin taki. Zai ba ka abin da ya sawwaƙa, ya bi ka da addu'a, ka dawo ka ƙirga ka ga ko yadin yara goma bai kai ba. Ni na kawo wa ƙungiyarmu shawarar mu daina neman kuɗi wurin wanda ba shi da su, mu nemi zuma wurin masu amya, tunda rani ne lokacin ɗibarta.

Dabarar karanta ta na yi. A garin Beaune da ke yankin Burgundy na Faransa akwai asibitin talakawa da Nicolas Rolin da matarsa suka kafa a 1443. Masu hali suka riƙa bar wa asibitin gonakin inabi wakafi, kuma tun 1859 ake gwanjon giyar gonakin. Yanzu ana yin sa ranar Lahadi ta uku ga Nuwamba, kuɗin ya tafi hidimar marasa lafiya. Kafin ranar, masana ɗanɗano kan je su kurɓa daga ganguna su rubuta abin da suka ji, masu saye na nesa su dogara da rubutun su sa farashi. Giya haramun ce, babu mai ja da wannan a cikinmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mutum ɗaya da aka amince da harshensa tana iya ɗaga darajar kaya, ribar ta faɗa hannun mabukaci. Mu kuwa muna da abin da Alƙur'ani ya ambata da waraka a Suratun Nahl, yana rataye a bishiyoyin gonakinmu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai amya ne. Yakan saƙa ta da ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya ɗora ta a reshen ɗorawa ko tsamiya. A wurinsa na koyi cewa zuma ba ɗaya ba ce. Da sassafe ake ɗanɗana ta, kafin goro ko yaji su ɓata baki. Ka tsoma tsinke mai tsabta, ka fara shinshina, sannan ka ɗora a harshe ka jira. Wadda ƙudan zuma ya kwaso daga furen darbejiya tana barin ɗan ɗaci a maƙogwaro. Wadda aka ɗebo da wuta mai yawa hayaƙi ne zai fara gaishe ka. Ta gaske kuwa, kowace iri ce, ba ta tafiya da wuri, zaƙin ya wuce ƙamshin fure ya rage. Furen irin kurnar nan da muke rainawa a bakin gona shi ya sa zumar Hadramaut ta Yaman ta yi suna da tsada a duniya.

Muka tsara haka: kowa ya kawo abin da ya iya, ni in ɗanɗana in rubuta bayani a 'yar takarda, a liƙa jikin kwalba, mu tallata wa 'yan garinmu da ke aiki a cikin birni da Kaduna da Abuja a kan farashin da ya ɗara na kasuwa. Masu amya suka kawo, wani kwalba biyu, wani rabin galan. Sai wani dattijon ɗan kasuwa, mutumin kirki da ba ya rufe ƙofarsa ga mai nema, ya aiko da jarka guda cike taf, ta fi duk abin da muka tara yawa. Yara suka yi ta murna.

Tsinken farko na gane. Launinta ya yi, kaurinta ba laifi, amma zaƙin a miƙe yake, yana sauka yana ɓacewa, bayansa kuma ƙaurin dafaffen sukari ne irin na mazarƙwaila. Na kurkure baki da ruwa mai ɗumi na sake, abin bai sauya ba. Ba a ruɗe nake ba, ba kuma a jahilce ba. Na san an yi mata haɗi. Na kuma san idan na faɗa, rabin gidauniyar ya tafi, sannan sai na dubi idon sa'an mahaifina na ce masa kyautarsa ba ta da kyau. Na ce wa kaina ai ba guba ba ce, ai don marayu ne, ai mai saye sadaka ya yi niyya ba ciniki ba. Na ɗauki biro na rubuta mata: zalla, babu haɗi. Na sa hannu.

Kwalaben suka ƙare kafin tsakiyar azumi. Ba a daɗe ba wani abokina ya bugo daga Kaduna, ya ce tasa ta yi kumfa, ta tunkuɗe murfi, tana warin tsami. Ya saya ne don mahaifiyarsa mai fama da tari. Wani ya dawo da tasa har gida. Labari ya kai kunnen tsohon da ya fi kowa daɗewa yana kiwon zuma a yankinmu, wanda kwalba biyu kacal ya iya bayarwa. Ya zo bayan shan ruwa ina zaune a zaure, ya ce a kawo masa ragowar jarkar. Ya tsoma ɗan yatsa, ya lasa, ya yi shiru.

"Ɗana, kai ka ɗanɗana wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka ji ba, ko ji ka yi ka rufe?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na ji, Baba."

Ya ce, "To albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tawa da na hau bishiya cikin dare na ɗebo, yanzu ita ma ana cewa haɗi ce, don hannunka ne a jikinta." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Wannan ɓarnar ce ban lissafa ba. Ina ganin jarka ɗaya na rufa wa asiri, ashe zumar kowa na jefa cikin zargi, na kuma sa sunan marayun garinmu ya zama abin da ake yaudara da shi. Dattijon da na ce ina jin kunyarsa ma ban kyauta masa ba. Sayowa ya yi a hannun wani mai yawon talla, bai san komai ba. Da na same shi a keɓe tun ranar, da ya gode mini ya canza kyautar. Shiruna ya sa ya ji maganar a bakin mutane.

Na je wurin Liman na zayyana masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tuna mini labarin da ke cikin Sahihu Muslim, lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya nesanta mai algus daga kansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko kwabo ban ci ba." Ya ce, "Na sani. Amma wanda ya saya, da me ya saya in ba da shaidarka ba? Marayu ba su aike ka ka yi musu ƙarya ba." Hukuncinsa shi ne a nemi duk wanda ya sayi ta jarkar, a gaya masa gaskiya, a mayar masa da kuɗinsa.

Bayan sallar La'asar na miƙe a ƙofar masallaci na faɗa da bakina cewa na sani na rubuta akasin haka, kuma babu hannun ƙungiya ko na mai kyautar. Muka bi mutane a waya ɗaya bayan ɗaya. Da yawa suka ce a bar kuɗin sadaka, wasu suka karɓa, kuma haƙƙinsu ne. Giɓin da ya rage na cike wani sashe daga albashina, amma bai isa ba. A waccan Sallar akwai yaran da suka sami riga babu takalmi.

Daga baya na gane cewa ko a kan zuma mai kyau kalmar "zalla" ta fi ƙarfin harshena. Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a 2023 kan samfuri 320 na zumar da ake shigar musu da ita, aka zargi kashi 46 cikin ɗari da haɗi, kuma sai da injinan ɗakin gwaji aka gano. Gwajin ashana da ɗiga ta cikin ruwa da muke yi a kasuwa ba hujja ba ne. Daskarewa ma ba alamar sukari ba ce, zuma ta gaske tana daskarewa. Wadda aka ɗebo ba ta nuna ba kuwa tana iya yin tsami ko da babu wanda ya taɓa ta.

Ƙungiya ba ta kore ni ba, amma an sauya tsari. Yanzu mu uku ke ɗanɗanawa, tsohon nan ne babbanmu, kowa ya faɗi nasa kafin ya ji na ɗan'uwansa. Ba ma karɓar zumar da wani daga cikinmu bai ga ɗibarta ba. Takardar jikin kwalba tana faɗin gonar da amyar take, watan da aka ɗiba, launi da ƙamshi da abin da ke saura a baki, da gargaɗin kada a ba jaririn da bai cika shekara ba. Abin da muke tarawa bai kai na shekarar jarka ba, kuma akwai masu sayen da har yau ba su dawo ba. Abokina na Kaduna ya dawo bana, amma sai da ya tambayi wa da wa suka sa hannu.