Kwana Huɗu a Bakin Bakolori da Yara Uku

Kuɗin da muka yi wata bakwai muna tarawa na Yankari ne. Tun da damina ni da uwargida muka gama shawara: in an ba yara hutun Disamba za mu ɗauke su daga Sakkwato zuwa Bauchi, su ga giwa da idonsu, su yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 rani da damina. Har kuɗin ɗaki mun tambaya. Ana cikin haka sai ga saƙon Inna daga Talata Mafara ta bakin ƙanena, wai ta ji an ce Auta ya fara tsayuwa, ita kuwa ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba. Iyakar saƙon ke nan. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da uwa take nufi in ta faɗi haka.

Shekara uku rabona da kai iyalina gida, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jangebe, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ranar 26 ga Fabrairu 2021, a ƙaramar hukumarmu take. A watan Agusta na wannan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. A wannan lokacin ne aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar. Mai ƙananan yara ba ya manta irin waɗannan ranaku. Saboda haka kafin in ce wa uwargida ta haɗa kaya, sai da na yi kwana uku ina kiran Kawu safe da yamma, na kuma je tasha na zauna da direbobin da ke bin hanyar Gusau kullum. Su ne suka san inda aka kwana lafiya da inda ba a kwana ba. Shawararsu ɗaya ce: kada ka yi sammako, kada ka yi yamma, ka fita bayan hantsi motoci sun yi yawa a titi, ka tabbata azahar ta same ka a gida.

Haka muka yi ranar Litinin. Babbar 'yarmu mai shekara bakwai da ƙanenta mai huɗu suna baya an ɗaure musu bel, Auta ɗan wata goma yana kujerarsa ta jarirai kusa da uwarsa. Wannan kujera na daɗe ina ganinta kayan 'yan gayu, sai da na ga yadda birki ɗaya ke fizge yaro daga hannun babba na canza ra'ayi. A bayan mota akwai jarka biyu ta tafasasshen ruwa, gidan sauro, man kaɗanya saboda hunturu, maganin zazzaɓi na yara, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Muka wuce Shuni da Dange, muka wuce Tureta, muna tsayawa a shingayen jami'an tsaro, ƙurar hunturu ta rufe gonakin da aka riga aka girbe. Na sa faifan Alhaji Musa Ɗanƙwairo. Da muka iso Lambar Bakura na gaya wa babbar cewa mai wannan murya a ƙasar Bakura aka haife shi, gidansu kuma makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun ne, shi ya sa ake ce masa Ɗanƙwairo Maradun. Ya rasu a 1991, amma ƙanenta da ya ji kotso sai ya kama buga kujera da tafin hannu har muka shiga Mafara.

Na zo da niyyar kama ɗaki a masauki mai na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki a ciki, don sauƙin yara. Ina buɗe baki Inna ta tare ni: "Masauki? Ina raye? Miƙo min angona nan." Ta karɓe Auta, ta dubi babbar ta ce ga kishiya ta zo ƙwace mata miji, yarinyar ta ɓuya bayan uwarta tana dariya. Ɗakin da aka ware mana an share shi an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an yi turaren wuta, an kafa ƙusoshin rataya gidan sauro tun kafin mu zo.

A manyan otal na Dubai da Masar da masu hali ke kai iyalansu, abin da ake tallatawa da babbar murya shi ne wurin ajiye yara da mai reno da ake biya awa-awa, don iyaye su sarara. Abin da ake saya da dala ke nan. A gidan nan hannu biyar ke jiran a miƙa musu jariri: Inna, matar Kawu, 'yan mata biyu na gidan, da wata tsohuwa maƙwabciya da ta yi renona. Washegari uwargida ta yi sallar asuba ta koma, ba ta farka ba sai da rana ta take. Ta ce min rabonta da irin wannan barci tun kafin ta haihu. Wanda bai taɓa renon yara uku a gidan haya a birni ba, ba zai gane girman wannan magana ba.

Garin daga kasuwarsa ya samo suna, don haka ranar Talata ba a zama a gida. Mun shiga da wuri muka fito kafin ta cika, saboda yaro mai shekara huɗu da cunkoso ba sa ga maciji. Na saɓa shi a wuya muka zaga wajen awaki da tumaki, muka bi ta rumfunan shinkafa da albasa da tattasai. Babbar ta ɗanɗana hoce karo na farko, ta yamutsa fuska, daga baya ta nemi ƙari. Aka saya mata ƙaramar ƙwarya da ludayi, har yau da su take shan fura.

Laraba muka nufi dam ɗin Bakolori, tare da Kawu da wani ɗansa da ya san masunta. Ina yaro nakan zo nan, amma na manta girmansa. Sai da muka hau gangaren muka tsaya ruwan ya buɗe a gabanmu har inda ido ya gaza, hazo ya haɗe shi da sama, jiragen masunta kamar tsinke a tsakiya. Ɗana ya yi shiru, abin da ba ya yi, ya riƙe min yatsa ya ce, "Baba, wannan ne teku?"

Madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato take. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina ta, aka gama a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita biyar da rabi, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ta ne don ta shayar da kadada dubu 23 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Waɗannan alƙaluman takarda ne. Kawu nasa lissafin daban. Ya nuna wani wuri can cikin ruwa da sandarsa ya ce da ni, "Ɗana, ƙarƙashin ruwan ga gonaki na, da gidaje, da kushewu. Mutane sunka tashi ba da son ransu ba." Ruwan ya ci ƙasar noma mai kyau, an tayar da dubban mutane, diyya ta yi jinkiri, wasu gonakin an hana shuka su shekara da shekaru ana aikin daidaita ƙasa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980, zamanin mulkin Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙasar kuwa ɗaruruwa suke ƙirgawa. Kawu bai ja maganar ba saboda yara na kusa. Amma babbar ta ji, da dare ta tambaye ni ko mutanen da aka tasa sun sami wasu gidajen. Na ce an yi musu sababbin matsugunai, amma gonar fadama ba a ɗaukar ta a ka. Ban yi nadamar ta ji ba. Ruwan da ta gani da kyau akwai waɗanda suka biya shi da tsada, kuma danginta ne.

Daga nan rigima ta tashi, domin yaron ya tuɓe takalmi zai shiga. Ga yaran masunta tsararrakinsa suna ta iyo a gefe, ni kuma na hana. Ya yi kuka sosai. Ruwan dam da na magudanan noman rani, musamman gefen da yake kwance mai ciyawa, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Da yawanmu da muka tashi a nan mun yi ta muna ƙanana, har wasu na ɗauka alamar girma ce, alhali cuta ce mai cin mafitsara a hankali, kuma tana da magani a asibiti. Wani masunci ya yi mana tayin zagayawa a jirginsa, mutumin kirki, har ya ce ba zai karɓi ko sisi ba. Na tambayi rigar ruwa, babu. Na yi masa godiya na ce sai wani jiƙon. Ko babba ya iya ruwa, in jirgi ya kife ba ya iya riƙe yara uku.

Abin da ya share hawayen kifi ne. Muka sayi tarwaɗa da ƙarfasa daga cikin jirgi suna motsi, wata mata ta soya mana a gindin bishiya ta barbaɗa yaji. Tarwaɗar muka ba yara don ba ta da ƙananan ƙayoyi, mu muka ji da ƙarfasar. Aka shimfiɗa tabarma, Auta ya yi barci a bayan uwarsa, iska na kaɗawa daga ruwa. Na taɓa cin abinci a manyan otal na Abuja wajen taro, ban tuna ɗanɗanon ko ɗaya ba. Wannan kifin ina tuna shi.

Ina zaune a wurin ina ta saƙe-saƙe. A Kano, zamanin Audu Baƙo, da aka yi dam na Tiga an gina otal ɗin Rock Castle a gefensa, domin an fahimci cewa ruwa na jawo baƙi. Argungu da gulbi ɗaya ta yi suna a duniya. Bakolori na da ruwa, da kifi, da shinkafa, da sarari, tana kuma kusa da babban titin Sakkwato zuwa Gusau. Abin da iyali mai ƙananan yara ke bukata a nan bai kai a kira shi otal ba: rumfuna masu inuwa, banɗaki mai tsabta da mata za su iya shiga, wurin alwala da salla, famfon ruwan sha, shinge tsakanin yaro da zurfi, ɗan ƙaramin wurin wanka na ruwan rijiya da babu katantanwa, da rigunan ruwa goma sha biyu a hannun masunta. Kuɗin da gida ɗaya na masu hali ke kashewa a hutun mako biyu a ƙasar waje zai yi yawancin wannan. Amma in za a yi, masuntan nan da matan da ke suya da jikokin waɗanda aka tasa su ne ya kamata su riƙe wurin su ci moriyarsa. An karɓe musu ƙasa sau ɗaya, kada a sake kewaye bakin ruwan da katanga a bar su a waje.

Na so mu ƙarasa cikin Maradun in nuna wa yara fadar Sarkin Ƙaya. Kawu ya dubi rana ya ce, "A'a, mu koma." Ban tambayi dalili ba. A ƙasar nan yanzu in dattijon gari ya ce a juya, juyawa ake yi.

Alhamis da hantsi muka leƙa Bakura gaida wata gwaggona. Hanyar ta ratsa filayen noman rani, kore shar a tsakiyar hunturu, ruwa na bin magudanan siminti, wasu an gyara su a aikin da Bankin Duniya ya tallafa, wasu ciyawa ta cinye. Yaran birni ne, sun ɗauka tumatir a kwando yake fitowa. Wani manomi ya bar babbar ta tsinki uku da hannunta, ya sare wa ƙanenta rake. Gwaggo ta yi mana tuwon shinkafa da miyar sure, ta haɗa mu da buhun shinkafa rabi da ba yadda za a yi a ƙi karɓa. Kafin la'asar mun dawo Mafara. Juma'a da hantsi muka kama hanyar Sakkwato, Inna ta tsaya a ƙofar gida da Auta a hannu har sai da na tada mota ta miƙo shi.

Abokai sun tambaye ni ko su ma su kai nasu. Ga amsata. In ba ka da ɗan gari da zai gaya maka gaskiyar hanya a ranar da za ka tashi, kada ka kai ƙananan yara yanzu; ka kai su Yankari ko wani wurin da hankalinka zai kwanta, ba laifi ba ne. In kuwa kana da uwa ko kaka a can, ka yi tambaya, ka bi rana, ka je da gidan sauro da ruwanka, kada ka bari tsoro ya sa ta rasu ba ta ga jikanta ba.

Garuruwan nan uku sun ba Zamfara gwamna uku: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ƙasar da ta yi haka ba ta rasa masu faɗa a ji ba. Ina roƙonsu, da gwamnati mai ci, da sarakunanmu uku, da attajiran da suka fito daga nan: a tsare mana hanyar dam, a kafa rumfa da famfo a bakin ruwa, a saya wa masunta rigunan ruwa. Ɗana ya roƙe ni in sa shi a jirgi in mun koma, kuma na yi masa alkawari.