Gyara Ko Tauye Mudu? Cinikin Ƙari A Wasannin Bidiyo

Duk wanda ya saba shiga kasuwa ya san bambancin da ke tsakanin gyara da tauye mudu. Gyara shi ne ɗan abin da mai awo yake ƙara wa mai saye bayan ya cika masa mudunsa, don a rabu da daɗin rai, gobe ma a dawo. Tauye mudu kuwa shi ne a karɓi kuɗin cikakken awo a ba mutum ragagge. To, wannan bambanci da kowace tsohuwa mai sayar da gero ta sani tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta, shi ne yau ya zama abin jayayya tsakanin manyan kamfanonin wasannin bidiyo na Amurka da Japan da Turai, da miliyoyin mutanen da suke sayen kayansu.

Domin mai karatu ya fahimci asalin maganar, ya kamata a koma baya kaɗan. A da, in mutum yana son wasan bidiyo sai ya je kanti ya sayi kaset ko faifai, ya kawo gida ya sa a na'urarsa, shi ke nan ciniki ya ƙare. Abin da ke cikin faifan nasa ne daga farko har ƙarshe. In wasan ya karɓu, kamfani yakan fito da wani faifai na biyu mai ɗauke da sababbin yaƙe-yaƙe da ci gaban labari, kamar yadda kamfanin Blizzard ya yi wa wasan StarCraft a 1998. Ba wanda ya yi ƙorafi, gama kowa ya ga mudu na biyu ne aka auna masa, ya biya kuɗinsa. Amma da na'urorin wasa suka haɗu da intanet, musamman bayan fitowar Xbox 360 a 2005 da PlayStation 3 a 2006, sai ya zamana ba a bukatar kanti ko faifai. Kamfani yana iya sayar wa mutum riga ɗaya, ko bindiga ɗaya, ko fili ɗaya na cikin wasa, ya sauke shi a na'urarsa yana zaune a ɗaki. Wannan irin ƙari da ake biya a sauke shi ne 'yan wasa suke kira DLC a taƙaice.

Rigimar farko da ta yi suna ta tashi ne a kan doki. A watan Afrilu na 2006, kamfanin Bethesda na Amurka, wanda bai daɗe da fito da wasan Oblivion ba, ya sa sulken doki a kasuwa a kan dala 2 da rabi ga masu Xbox 360. Sulken nan, wanda ya yi kama da lifidin da mayaƙan da suke ɗaura wa dawakinsu, amfaninsa a fagen fama kaɗan ne, yawancinsa ado ne. 'Yan wasa suka yi ca a kan kamfanin, suna cewa wanda ya biya dala 60 ya sayi wasa bai kamata a sake tatsarsa saboda kayan doki ba. Har sunan sulken ya zama abin zolaya, duk lokacin da wani kamfani ya kawo ƙari maras kan gado sai a ce ga wani sulken doki kuma. Abin mamaki, duk da wannan surutu, mutane suka yi ta saye, har shekaru bayan haka jami'an kamfanin suna bayyana cewa ba a daina sayensa ba. Da aka sabunta wasan a 2025, sai ga sababbin sulkunan doki a cikin kunshin da ya fi tsada.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa biyan kuɗin ne 'yan wasa suke ƙi. Shi dai wannan kamfani, a kan shi dai wannan wasa, ya fito da wani ƙari mai suna Shivering Isles a 2007, ya sa masa dala 30, wato ninkin kuɗin sulken nan sau 12. Mutanen da suka zagi sulke su ne suka yabi wannan, saboda sabuwar ƙasa ce sukutum aka ba su, da mutanenta da labarinta, wadda mutum zai kwana ya wuni yana yawo a cikinta. Haka kuma kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan, da ya fito da The Witcher 3 a 2015, ya raba wa masu saye ƙananan kaya guda 16 kyauta, wato gyara sosai irin na kasuwa, sa'an nan ya sayar da manyan ƙari guda biyu, ɗaya dala 10 ɗaya dala 20. Na biyun, Blood and Wine, har kyautar gwarzon shekara ya ci a ajinsa a 2016, alhali yana takara da cikakkun wasanni. A watan Yuni na 2024 ma, ƙarin da kamfanin FromSoftware na Japan ya yi wa wasan Elden Ring, mai farashin dala 40, an sayar da kwafi miliyan 5 nasa cikin kwana uku. Ashe dai in kaya ya cika mudu, hannun ɗan wasa ba ya nauyin shiga aljihu. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Inda zuciya take ɓaci shi ne inda mutum ya gane cewa daga cikin mudunsa aka ɗebi abin da ake sayar masa. Misalin da ba a mantawa shi ne na kamfanin Capcom na Japan a 2012. Masu bin diddigi sun gano cewa a cikin faifan Street Fighter X Tekken akwai 'yan dambe 12 da aka gama ƙera su tsaf, aka kulle, sai wanda ya ƙara dala 20 za a buɗe masa. Wato mutum ya sayi gida, an miƙa masa makullai, ya shiga ya tarar da ɗaki guda a garƙame, aka ce makullin wannan kuɗinsa daban. Kamfanin ya kawo hujjojinsa na fasaha, amma jama'a ba su saurara ba, gama ko yaro ya san abin da ke cikin faifan da ya saya da kuɗinsa ya riga ya shiga hannunsa.

Daga nan sai abin ya haye wani mataki, aka shigo da akwatin sa'a. Shi wannan, mutum yakan biya kuɗi ne a ba shi akwati rufaffe, bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Wataƙila ya dace da abin da yake nema, wataƙila ya tarar da tarkacen da yake da irinsu goma, sai ya sake biya. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma ga shi an mai da shi sana'a. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin EA ya shirya fito da Star Wars Battlefront II, wasan da ake saye da cikakken kuɗi, ya kuma cusa irin waɗannan akwatuna a cikinsa, har ya zamana mai kuɗi yana iya sayen ƙarfin da zai rinjayi abokin karawarsa. 'Yan wasa suka lissafa cewa wanda ba zai biya ba sai ya yi wajen awa 40 yana fama kafin ya buɗe jarumi guda daga cikin manyan jaruman wasan. Kukan da aka yi ya kai har kamfanin ya rage wannan wahala da kashi 75 cikin ɗari, bai isa ba, ana gobe wasan zai fito ya dakatar da sayar da kome a cikinsa.

Wannan tarzoma ta jawo hankalin hukumomi. Ƙasar Sin dama tun watan Mayu na 2017 ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yawan damar da mai saye yake da ita ta samun kowane abu a cikin akwati. A watan Afrilu na 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bincika wasu wasanni, ta yanke cewa akwatunan da ke cikin FIFA 18 da Overwatch da Counter-Strike caca ce tsagwaronta. Bayan 'yar turjiya, a watan Janairu na 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake sayen akwatunan FIFA da shi a wannan ƙasa. A Amurka kuma, a watan Disamba na 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520 don sasantawa da hukumar ciniki ta tarayya, daga ciki har da dala miliyan 245 da za a mayar wa mutanen da hukumar ta ce an shirya maɓallan wasan yadda za su yi sayayyar da ba su yi niyya ba, da iyayen da yaransu suka kashe musu kuɗi ba da saninsu ba.

Adalci ne a saurari kamfanonin su ma. Suna cewa tun wajen 2005 farashin babban wasa ya tsaya a kan dala 60, bai motsa ba sai 2020 da aka fara sayar da wasu dala 70, alhali kuwa kuɗin ƙera wasa sai hauhawa yake yi. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa kamfanin Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 wajen ƙera The Last of Us Part II kaɗai. Mutum ɗaruruwa ne suke shekara da shekaru suna zane da rubutu da kiɗa, kuma kowannensu albashi yake jira. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ta halatta sayar da mudu na biyu. Amma ba ta wanke mai kulle ɗaki a gidan da ya riga ya sayar ba, balle mai koya wa ɗan shekara goma sha biyu jefa kuɗi a akwati rufaffe.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, kaso mai tsoka na laifin yana wuyan 'yan wasan ne da kansu. Bakinsu yana tsinewa, aljihunsu yana sa albarka. Sashen Ultimate Team, inda ake sayen kunshin katunan 'yan ƙwallo ba tare da sanin wanda zai fito ba, ya fara ne a 2009 a cikin wasan FIFA. A shekarar kuɗi ta 2021, wato bayan duk hayaniyar da aka ambata a sama, wannan sashe a wasannin EA ya kawo wa kamfanin sama da dala biliyan 1.6. Ɗan kasuwan da ake zagi da safe a yi masa layi da yamma, wane dalili zai sa ya sake hali? Lokacin da aka ga kamfani ya ja da baya, kamar a 2017, lokaci ne da ya tabbata cewa masu saye za su juya masa baya da gaske. Mutane kuwa sun saba. Yaron da ya buɗe ido ya tarar ana sayar da riga da rawa a cikin wasa ba ya ganin wani abin mamaki a sulken dala 2 da rabi, sai ma ya ce araha ce.

Akwai kuma wani abu da masu saye da yawa ba su lura da shi ba, wato abin da aka saya ta wannan hanya aro ne mai kama da mallaka. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya rufe na'urorin da ke riƙe da wasan tseren motoci The Crew, wanda ya fito tun 2014. Daga ranar, wanda ya sayi wasan, da wanda ya ƙara kuɗi ya sayi motoci a cikinsa, duk suka tashi a tutar babu. Faifan da na kanti kuwa, in dai bai karce ba, jika ma yana iya gadonsa.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce, ba ruwan Nijeriya. A biranen ƙasar nan ba a rasa shagon da samari suke taruwa suna buga ƙwallo a PlayStation, kuma wayoyin matasa cike suke da PUBG da Free Fire da Call of Duty. Waɗannan na waya kyauta ake sauke su, kuma daga sayar da ƙarin nan ne masu su suke cin abinci. Farashin irin wannan kaya yakan bi dala, dalar da ta tashi daga wajen Naira 460 kafin watan Yuni na 2023 zuwa sama da Naira 1,500 a cikin 2024. Abin da yaron Amurka yake gani canjin alewa, a nan kuɗin cefanen gida ne.

Saboda haka, kafin ɗan wasa ya danna maɓallin saye, ya kamata ya tambayi kansa abu uku. Shin wasan da ya saya tun farko cikakke ne ba tare da wannan ƙari ba? Shin ya san ainihin abin da za a ba shi kafin kuɗinsa ya fita? Shin in kamfani ya rufe wasan gobe, zai ce ya ci moriyar kuɗinsa? In amsa ta zama i a duka ukun, to ciniki ne na mutunci, ya biya masu aiki haƙƙinsu. In kuwa ɗaya ta zama a'a, ya mai da kuɗinsa aljihu, gama wannan ne kaɗai ƙorafin da kamfani yake ji. Iyaye kuma su binciki wayoyin da suke miƙa wa yara, su cire lambar katin banki daga ciki, su sa kalmar sirri a kan kowace sayayya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.