Ƙamus a Cinya

Ranar da na gama jami'a a Yamai na je wurin mai hoto. Ya ɗora mini wani ƙaton ƙamus a cinya, ya ce in dafa shi in dubi nesa. Ban taɓa buɗe ƙamus ɗin ba. Hoton na nan rataye a ɗakin Inna, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa.

Shi ya faɗo mini a rai da na ga zanen da Hans Holbein ya yi a Landan a 1533, wanda ake kira "Jakadu". Faransawa biyu ne, Jean de Dinteville jakadan sarkinsu, da abokinsa Georges de Selve, malamin coci, dukansu ba su kai shekara 30 ba. Sun jingina da kanta mai hawa biyu. A sama, bisa darduma irin ta Turkiyya, kayan auna rana da taurari ne. A ƙasa akwai ƙwallon taswirar duniya, da littafin lissafi, da littafin waƙoƙin mabiya Luther, da wani abin kiɗa mai kama da garaya. Masanan wancan zamani sun yi imani ilimi ne ke gyara ɗan Adam, to ga shi an baje shi kamar kayan gara.

Da farko na ce ai burga ce, irin tawa. Sai da na ƙara girman hoton a waya na ga tsirkiya ɗaya ta tsinke, littafin lissafin kuma a babin rabawa aka buɗe shi. A shekarar ce Sarki Henry na Takwas yake ɓallewa daga Paparoma saboda auren Anne Boleyn, Turai na rabuwa gida biyu, masu wannan tarin sani kuwa sun kasa ɗinke ɓarakar. Ina jin Holbein ya san haka sarai.

Akwai kuma wani abu a shimfiɗe gaban ƙafafunsu kamar an ja shi da ƙarfi. Sai ka karkata ta gefen dama kake gane ƙoƙon kan mutum ne. Na yi ta juya wayar kafin ya fito.

Da na je gida da Sallah na tsaya gaban hotona, na karkata, na duba. Inna ta ce, "Kai kuma lafiya?" Na ce ƙura nake dubawa. Ta miƙo mini tsumma.